Wace Fitila Zan Kunna wa Kunkurun Yarona da Dare?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Kabuga, cikin Kano. Kawun yarona ya kawo masa ɗan kunkuru tsaraba, girmansa bai wuce tafin hannu ba, launinsa irin na rairayi, ƙafafunsa na gaba kuma suna da kaushi sosai. Yaron, mai shekara 12, ya sa shi cikin akwatin gilashi irin na kiwon kifi a ɗakinsu, ya rataya masa jan ƙwan fitila mai wat 60 wanda yake kwana a kunne, domin mai shagon da ya sayar masa ya ce masu jan ciki ba sa ganin jan haske. Tun shigowar bazara kunkurun ya daina kwanciya, kwana yake yana karcen gilashi, ya rage cin abinci, jiya kuma muka ga kumfa a bakinsa. Maigidana ya ce ƙwan yana shanye batirin inbata kuma zai iya jawo gobara, don haka ko a kashe shi ko a fitar da kunkurun daga gidan. Yaron kuwa sai kuka, wai dabbarsa za ta ji tsoro a duhu. Wane irin ƙwai zan saya mai haske amma marar zafi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaron, ya ƙara masa wannan tausayi da yake da shi ga abin da ke hannunsa.

Tun kafin a zo batun abin da za a saya, ina roƙonki ki cire jan ƙwan nan yau, kada ya ƙara kwana ko ɗaya a kunne. Kumfar da kuka gani a bakin kunkurun, haɗe da karcen gilashi cikin dare, alama ce ta dabbar da zafi ya yi wa yawa, tana neman mafita ba ta samu ba. A ɗauke shi zuwa wuri mafi sanyi a gidan, a zaunar da shi cikin faranti mai ruwan da ba sanyi ba zafi, zurfinsa kada ya wuce haɓarsa, na kamar minti 15 zuwa 20, domin ya sha ya kuma huce a hankali. Kada a yi amfani da ruwan firji ko ƙanƙara, saboda faɗawa cikin sanyi kwatsam bayan zafi shi ma cuta ne a gare shi.

Amsar tambayarki kuwa ita ce kunkurun ba ya buƙatar kowace irin fitila da dare, ja ce ko shuɗiya, mai zafi ce ko marar zafi. Idan akwai mai buƙatar haske a ɗakin nan to yaronki ne, kuma wannan buƙata ce da za a iya biya masa ba tare da an taɓa dabbar ba. Ina ganin rigimar gidanku ta samo asali ne daga haɗa abubuwa uku cikin ƙwai ɗaya, wato hasken da mutum zai gani da shi, da ɗumin da dabbar take buƙata a wasu watanni, da kuma hasken rana da ƙashinta yake buƙata. Kowanne da lokacinsa da abin da ake biyan sa da shi, kuma jan ƙwai mai wat 60 a watan Afrilu a Kano bai biya ko ɗaya daga ciki ba.

Bisa siffar da kika bayar, abin da ke hannunku kunkurun Sahel ne, wanda masana ke kira sulkata, kuma ɗan ƙasa ne ba baƙo ba, domin mazauninsa ya taso tun daga Senegal da Mali, ya ratsa Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi har zuwa Sudan da Habasha. A daji wannan dabba rami take haƙawa, mai tsawon mitoci da yawa idan ta girma, kuma cikinsa take shigewa idan rana ta take da kuma idan dare ya yi. Cikin ramin akwai duhu ƙirin, akwai laima, zafinsa kuma ba ya hawa da sauka kamar na doron ƙasa. 'Ya'yansu ƙanana irin naku sun fi manya ɓuya, saboda shirwa da hankaka da sauran masu farauta suna ɗauke su. Saboda haka duhu shi ne wurin da wannan halitta take samun natsuwa, abin da yake tayar mata da hankali shi ne ta tsinci kanta a fili, haske a kanta, bango huɗu na gilashi kewaye da ita, babu inda za ta sa kanta. Ga shi kuma kunkuru bai san gilashi ba, yana hango waje ta cikinsa ya yi ta turawa yana zaton hanya ce.

Batun zafi shi ne ya fi gaggawa, kuma a nan nake so ki riƙe ƙa'ida ɗaya da za ta yi miki amfani a gaban kowane mai shago: zafin ƙwai yana bin adadin wat ɗinsa ne, launinsa ba ya rage komai. Ƙwan da yake da siririyar waya mai ci a cikinsa, irin wanda muka taso muka gani a gidaje, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama kai tsaye, ɗan abin da ya rage shi ne haske. Jan fenti ko jan gilashin da aka yi masa haskensa kawai ya rage, zafin yana nan yadda yake. Idan kuma aka rataya shi cikin akwati mai bango huɗu, hatta hasken da ya fita yakan koma zafi da zarar ya bugi ƙasa da bango, ta yadda a ƙarshe babu bambanci tsakaninsa da ƙaramar hita mai wat 60 da aka kunna a kan dabba mai girman tafin hannu. Mutum idan zafi ya dame shi yana gumi, yana tashi ya nemi ruwa ko ya fita tsakar gida, shi kuwa kunkuru jikinsa ba ya daidaita zafinsa da kansa, duk yadda wurin da yake ya kasance haka jikinsa zai kasance, kuma dabararsa ɗaya ce, ya matsa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Wannan dabara ce akwatin ya ƙwace masa. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Kano yana kaiwa digiri 40 har ya wuce, da dare kuma ko a waje da kyar yake sauka ƙasa da 24 ko 25, ballantana ɗakin da bulo da kwano suka wuni suna shan rana, wanda sau da yawa yakan kwana a sama da digiri 30. Ki ɗora zafin ƙwan a kan wannan, ki tuna cewa da zarar zafin jikin kunkuru ya haura digiri 40 ya shiga haɗarin mutuwa, za ki ga cewa ba ƙaramin arziki kuka ci ba da abin ya tsaya a kumfa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a ganinta sai bayan watanni. Ƙwai mai zafi yana busar da iskar akwatin da ƙasar da ke ciki, ƙaramin kunkuru kuma yana saurin rasa ruwan jikinsa. Wani bincike da aka buga a 2003 daga jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, a ƙasar Ostiriya, wanda aka yi a kan wannan nau'in kunkuru, ya nuna cewa waɗanda aka raina a busasshen wuri su ne bayansu yake fitowa da tudu-tudu maimakon ya tashi sumul. Idan bayan ya riga ya yi haka ba ya komawa daidai.

Maganar mai shago cewa masu jan ciki ba sa ganin ja tsohuwar magana ce da ta daɗe tana yawo a kasuwancin dabbobin gida har a Turai da Amurka, kuma mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa, amma ba gaskiya ba ce. Idon mutum yana da nau'i uku na ƙwayoyin da ke rarrabe launi, kunkuru da ƙadangaru da yawa kuwa nau'i huɗu gare su, har suna ganin wani ɓangare na hasken rana da mu ba ma gani. Ja ma yana cikin launukan da suka fi jan hankalin kunkuru, kuma yaronki zai iya gwadawa da kansa, ya ajiye yankan tumatir a gefe guda da ganye a ɗaya gefen, ya ga inda zai dosa. Masu kiwon tsaka irin ta ƙasashen waje kuwa, nasu lamarin ya fi haka, domin masu bincike a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun ba da rahoto a 2009 cewa idon wata tsakar dare ta gaɓar Maroko da Muritaniya ya ninka na mutum kusan sau 350 wajen ganin launi a ƙarancin haske. Abin da mu muke kira ɗan dishi-dishi, a wurin irin wannan ido rana ce tsaka.

Illar hasken dare ba ta tsaya ga hana barci na dare ɗaya ba. A cikin kan waɗannan dabbobi, kamar yadda yake a namu, akwai wani ɗan ƙullutu da yake fitar da sinadarin melatonin idan duhu ya yi, kuma da wannan sinadari jiki yake sanin lokacin hutu da lokacin tashi da lokacin cin abinci. Haske yana danne fitowarsa, kuma shuɗi da fari mai ɗaukar ido sun fi kowane launi dannewa, wanda ya sa ƙwayayen da ake sayarwa da sunan hasken wata ba su fi jan alheri ba, da yawansu ma masu waya ne da aka shafa wa shuɗin launi, zafinsu ɗaya. Wata ɗan daren goma sha huɗu da kansa haskensa a ƙasa bai kai luks ɗaya ba a ma'aunin haske, alhali ɗakin ofis yana da 300 zuwa 500, kuma ko wannan ɗan hasken watan kunkurun daji ba ya kwana a ƙarƙashinsa, yana cikin rami. Mu a Kano Allah ya sauƙaƙa mana wannan lissafi, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa tsawon yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, yana ɗan raguwa a Disamba ya ɗan ƙaru a Yuni. Wannan shi ne tsarin da jikin kunkurunku ya gada, kuma taga ɗaya ta isa ta ba shi.

To sai hasken yaron, wanda a nan ne kuɗinki zai yi aiki, kuma ba kuɗi ne mai yawa ba. Abin da za ki nema a shagunan kayan wuta na Sabon Gari shi ne ƙaramar fitilar dare ta LED, irin wadda ake cusawa a soket, mai rabin wat ko wat ɗaya, launinta ruwan zuma ko ruwan ɗorawa mai duhu. Idan an rubuta lamba mai harafin K a jikin kwalin, ki zaɓi 2700 ko ƙasa da haka, ki guji 6500, wanda shi ne farin nan mai ɗaukar ido da ya cika kasuwa. Ki ce mai shagon ya kunna miki ita ya bar ta ta ɗan jima, sannan ki kama ta da hannu. Idan ba za ki iya riƙe ta cikin tafinki ba, ba ita ba ce, kome aka rubuta a kwalin. LED ma tana ɗan ɗumi ta gindinta, sai dai a wat ɗaya ɗumin bai isa ya canja komai a ɗaki ba. Ƙwan enaji mai murɗaɗɗen gilashi kada ya shiga lissafi ko kaɗan, domin akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsa, idan ya fashe kusa da dabba ko yaro an samu wata matsalar.

Inda za a sa fitilar ya fi irinta muhimmanci. Ba za ta shiga cikin akwatin ba, ba za ta rataya a kansa ba, kuma ba za ta fuskance shi ba. A sa ta a soket na ƙasa kusa da gadon yaron, ta ɓangaren da ya fi nisa da kunkurun, kamar taku uku ko huɗu, in da hali a bayan wani abu da zai tare ta, yadda za ta haska ƙasan ɗakin don mai tashi fitsari ba tare da ta leƙa cikin akwatin ba. Akwai masu kunna kansu idan mutum ya motsa su kuma mutu bayan ɗan lokaci, waɗannan sun fi dacewa idan an samu. Ranar da yaron ya so ya duba dabbarsa cikin dare, ya ɗauki ƙaramar tocila ya rufe bakinta da yatsunsa, ya haska gefe ba fuskarta ba, ya duba na minti ɗaya ya kashe. Leƙen minti ɗaya ba ya cutarwa, kwana a kunne shi ne matsalar. Idan kuma akwai hali, ƙananan kyamarorin tsaro da ake haɗawa da waya suna gani a duhu da wani haske da ido ba ya kamawa, mai lamba 850 yana nuna ɗan jan ɗigo a fuskar kyamarar, mai 940 kuwa ba ya nuna komai, kuma yaro mai shekara 12 zai fi jin daɗin kallon abin da kunkurunsa yake yi da tsakar dare a waya fiye da kowane ƙwai. Wannan ƙari ne, ba wajibi ba.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi yanayin wutarmu waɗanda ba za ki same su a bayanan da aka rubuta don masu kiwo a Ingila ba. Na farko shi ne ƙwan saman ɗaki da aka manta makunninsa a buɗe lokacin da aka ɗauke wuta, sai a kawo ta ƙarfe biyu na dare ɗaki ya haske gaba ɗaya, da kuma fitilun caji masu kunna kansu da zarar wuta ta tafi. Na biyu shi ne agogon soket da ake saitawa ya kunna ya kashe, wanda mai juyawa daga cikinsu yana tsayawa duk lokacin da babu wuta, ta yadda bayan kwana biyu zai riƙa kunna fitilar da aka saita ta ci da rana da tsakar dare. Idan za a saya, a sayi mai lambobi wanda yake da ƙaramin batir a cikinsa. Maganin duka biyun dai ɗaya ne, wato a yi wa kunkurun maɓoya mai duhu wadda duk abin da ya faru a ɗakin ba zai same shi ba. Rabin tukunyar ƙasa da aka kifa, aka binne gefenta cikin turɓaya, aka bar ƙofa daidai shigarsa, ta fi duk abin da za a sayo. A riƙa yayyafa ruwa a ƙasar da ke ƙarƙashinta ta yi laima ba caɓi ba, sai ta riƙe sanyi kamar yadda randa take riƙe wa ruwan sha. Akwatin gilashin kuma a musanya shi da na katako mai faɗi, buɗaɗɗen sama, da murfin ragar ƙarfe. Ragar tana da muhimmanci, domin ɓera da gafiya suna gaigayar ƙafafun ƙananan kunkuru da dare, kuma haske ba ya korar su; abin da haske yake yi shi ne tara ƙwari, musamman da farkon damina lokacin fitar shinge, su kuma su jawo tururuwa.

Maigidanki yana da gaskiya a duka abubuwa biyun da ya faɗa, kuma lissafin a fili yake. Ƙwai mai wat 60 a cikin awa 10 yana shan yunit 0.6, wato yunit 18 a wata, alhali fitila mai wat ɗaya a cikin watan gaba ɗaya yunit 0.3 za ta sha. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ya fi yawa a gidaje, idan ana so ya yi ƙarko rabin abin da ke cikinsa ake sha, kimanin yunit 1.2, kin ga ƙwan kunkuru shi kaɗai yana tafiya da rabin abin da fankokinku za su kwana a kai. Tsoron gobara kuma ba tsoron banza ba ne idan aka haɗa ƙwai mai zafi da holdar roba da busasshiyar ciyawa a ɗakin da yara suke barci. Inda ban bi shi ba shi ne batun fitar da dabbar, domin kada garin neman gira a rasa ido. Ƙwan ne mai laifi, kuma cire shi ya kashe maganar.

Lokacin da kunkurunku zai buƙaci taimako da dare yana nan tafe, amma ɗumi zai buƙata ba haske ba. A Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama, daren Kano yana sauka zuwa digiri 13 ko 14, wasu ranakun ƙasa da haka, alhali masu kiwon wannan nau'i ba sa son daren ƙarami ya sauka ƙasa da kamar 24 zuwa 26, domin sanyi haɗe da laima yana jawo masa ciwon huhu. Kafin ki sayi komai don wannan, ki fara da ma'aunin zafi na dijital wanda yake riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta, a ajiye shi a ƙasan akwatin daidai inda dabbar take kwana, a karanta shi kowace safiya. Ɗakunan ciki da yawa suna riƙe ɗumi fiye da yadda ake zato, kuma mai yiwuwa ɗauke akwatin daga kan siminti da nisantar da shi daga taga ya wadatar. Idan ma'aunin ya nuna bai wadatar ba, abin da ake amfani da shi shi ne ƙwan tangaran mai fitar da zafi ba tare da haske ba, ƙarami mai wat 50 ko 60, kuma yana da sharuɗɗan da ba a sassauci a kansu. Dole ya kasance a holdar tangaran, saboda jikinsa yana zafin da zai narkar da roba ya kuma ƙona fata nan take. Dole a kewaye shi da raga, a rataye shi da waya mai ƙarfi a gefe ɗaya na akwatin don ɗaya gefen ya zauna da sanyinsa. Dole kuma ya bi ta na'urar daidaita zafi wadda za ta yanke masa wuta idan an kai lambar da aka saita. Da yake ba ya haske, ido ba ya gane ko a kunne yake, don haka a gargaɗi ƙannen yaron. Idan za a yi odarsa daga waje a duba a ga an rubuta bolt 220 zuwa 240, domin kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, wutarmu za ta ƙona su da zarar an jona. Mai gyaran wuta ne ya kamata ya haɗa wannan, ba yaro ba.

Daren da babu wuta kuma sanyi ya yi tsanani, a cika gorar roba da ruwa mai ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a ajiye kusa da tukunyar, sannan a rufe rabin saman akwatin da bargo. Bargo shi kaɗai ba ya yi wa kunkuru komai, domin aikin bargo shi ne riƙe ɗumin da jiki ya fitar, shi kuwa jikinsa ba ya fitarwa. Kaskon garwashi kuwa kada ya kwana a ɗakin da sunan ɗumama dabba, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a rufaffen ɗaki, balle ƙaramar dabba.

Abu na uku, wato hasken da ƙashi yake buƙata, na rana ne kawai kuma kyauta muke samunsa. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ake kira UVB wanda fatar dabbar take haɗa bitamin D3 da shi, in babu shi kuma jiki ba ya iya amfani da kalsiyam, sai ƙoƙon baya ya yi laushi ƙafafu su raunana. Masu kiwo a ƙasashen sanyi suna sayen fitila ta musamman don wannan, suna canja ta duk bayan wata 6 zuwa 12 saboda ƙarfinta yana raguwa tun tana haske. Ku abin da za ku yi shi ne yaron ya fitar da shi tsakar gida da hantsi, kafin rana ta yi zafi, na rabin awa zuwa awa ɗaya, a wurin da rabinsa inuwa ce, yana zaune yana gadinsa. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya ɗauke da UVB, kuma kada a kuskura a fitar da shi rana a cikin akwatin gilashi ko roba mai zurfi, domin cikin 'yan mintoci zai iya mutuwa.

Shi kuma yaron, ba na ganin amfanin a ce masa ya yi wauta, tunda abin da babba ya gaya masa ya bi, kuma niyyarsa kyakkyawa ce. Ki damƙa masa ma'aunin zafin da littafi, ya zama shi ne mai rubuta lambar safe da ta dare, shi ne mai yayyafa wa tukunya ruwa, shi ne mai rufe raga bayan magariba, ya kuma wanke hannunsa da sabulu duk lokacin da ya taɓa dabbar, saboda masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau. Ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe fitilu idan za a kwanta, malamai kuma suka bayyana cewa tsoron gobara ne dalili, wanda shi ne abin da mahaifinsa yake faɗa. Ki kuma lura da kyau ko shi ne yake jin tsoron duhun yana fakewa da kunkuru, domin yaro namiji a wannan shekaru ba kasafai yake yarda ya furta haka ba. Idan haka ne, ƙaramar fitilar gefen gado ta biya, kuma ba sai an tona shi a gaban ƙannensa ba.

Bayan an cire ƙwan, an yi maɓoya, ana kuma jiƙa shi a ruwa kowace safiya, ya kamata cikin kwana biyu zuwa uku ya daina karce da dare ya koma cin ciyawa da ganye. Idan kumfar ta dawo ba tare da zafi ba, ko kuka ga majina ko ƙananan kumfa a hancinsa, ko yana buɗe baki yana miƙa wuya don numfashi, ko idanunsa sun faɗa ko sun ƙi buɗuwa, ko kuma mako ya cika bai ci komai ba, to lamarin ya wuce na fitila, a kai shi wurin likitan dabbobi, a kuma tambaya tun farko ko yana duba masu jan ciki, domin ba kowane likita ne ya saba da su ba. Kada a ba shi maganin tsutsar ciki na awaki ko na karnuka a gida, musamman ibamektin, wanda guba ne ga kunkuru ko da kaɗan ne. Ku tafi da littafin da yaron yake rubuta lambobin zafi a ciki, domin yana daga cikin abubuwan farko da likitan zai tambaya.